Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

A gidanmu na Daura yayana yana da sunaye uku, kuma babu nasa a ciki. Mu ƙannensa muna ce masa Yaya. Baba yana ce masa Likita. Inna kuwa ba ta ce masa komai sai "wancan", in ta matsu ta ce "yayanku". Sunansa na yanka a makaranta kawai ake jinsa, da safe, lokacin da malami yake kiran suna.

Shi ne ɗan fari, kuma Inna tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Haka ta taso ta ga uwarta tana yi a ƙauyensu can wajen Zango: uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta zama ta yi hira da shi. Akwai wani mai sayar da kalanzir a unguwarmu da suke suna ɗaya da Yaya, shi ma Inna ba ta taɓa faɗar sunansa ba, sai dai ta ce "mai sunan wancan". Ni da nake bin Yaya, ni ce bakinta. Yana zaune a tsakar gida, tsakaninsa da ita bai fi taku uku ba, sai ta ce da ni, "Ke, ki ce wa wancan tuwonsa yana hucewa." In juya in ce, "Yaya, wai tuwonka yana hucewa." Ya ce, "Ki ce mata na ji." Mu yi ta yi kamar masu waya da ƙasar waje.

Kada a ce ba ta sonsa. Duk cikinmu babu wanda take so kamarsa, kuma mun sani. Tsokar da ta fi kowace girma a tukunya tasa ce, amma ba a saman miya take ɗora ta ba. A ƙarƙashin tuwo take binne ta, don kada a ce ta nuna. Da wannan tsokar take gaya masa duk abin da bakinta ba zai iya ba.

Baba dillali ne a kasuwar dabbobi. Bai yi boko ba, ko baƙi ɗaya bai sani ba, amma lamba kam ya santa. Mutum ne da zai buɗe bakin rago ya dubi haƙora ya gaya maka shekarunsa, kuma haka yake yi wa katin sakamako. Ba ruwansa da sauran jikin katin. Wuri ɗaya yake dubawa, ɗan akwatin nan da ake rubuta na nawa yaro ya zo a aji.

Duk ranar da aka ba da hutu, bayan la'asar, sai ya zauna a zaure a kan buzunsa mu jeru a gabansa. Yaya ya durƙusa ya miƙa kati da hannu biyu, yatsan Baba ya tafi kai tsaye kan akwatin. Ɗaya. Kullum ɗaya, tun daga aji ɗaya na firamare.

"Likita ke nan!" in ji Baba. "Allah ya yi maka albarka, Likita."

Sai ya ninke katin ya sa a aljihun gaba. Washegari da shi zai tafi kasuwa, ya nuna wa 'yan'uwansa dillalai, ya nuna wa Fulanin da suka kawo shanu, ya nuna wa mai shayi. Katin ba ya dawowa gida sai ya yi laushi yana warin awaki. Nawa katin kuwa, ta tara ce ko ta sha biyu, Baba yakan ce "to madalla" tun kafin ya gama buɗewa. Na yi kishi ƙwarai a lokacin. Sai da na girma na gane ni ce aka bari na sha iska.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri, domin mutane da sun ji an ce yaro ya shiga wani hali a gidan ubansa sai su fara neman bulala. Baba bai taɓa ɗaga hannu ya doki Yaya ba. Ko tsawa ban taɓa jin ya yi masa ba. Wani lokaci har nakan ce gara da dukan ya yi, da maƙwabta sun ji kuka sun shigo ba da haƙuri.

Abu ɗaya Yaya yake da shi da ba karatu ba: tattabaru. Ya kakkafa tsofaffin gwangwanaye a jikin katangar bayan gida, kowane da mazauninsa. Ya san wadda ta yi ƙwai, ya san wanda yake cin zalin 'yan'uwansa a wurin gero. A gindin katangar nan kawai nake jin Yaya yana dariya da ƙarfi. Ya taɓa gaya mini, muna zuba musu ruwa, cewa shi ko kaza aka yanka a gabansa sai zuciyarsa ta tashi. Na ce, "To Likitan fa?" Ya ce, "Rufe mini baki, sarkin surutu."

Da ya gama ƙaramar sakandare ya ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta kimiyya, can kan hanyar Katsina. Baba ya yanka rago. Abin da babu wanda ya zauna ya fahimtar da Baba shi ne, a wannan makarantar kowane yaro na ɗaya ne a garinsu. In aka tara na ɗaya cike da aji, dole wani ya zo na ƙarshe.

Hutun farko muka jeru a zaure kamar yadda aka saba. Yatsan Baba ya tafi wurinsa, ya tsaya.

"Sha huɗu," in ji shi. Ya juya katin ya dubi bayansa, kamar ko an ɓoye wata lambar a can. "Mutum sha uku suka wuce ka. Kana ina?"

"Baba, karatun can da wuya. Kowa a ajin..."

"Su kai biyu gare su?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Baba bai sa katin a aljihu ba. Ya ajiye shi a kan tabarma, ya sa takalmi ya tafi masallaci, alhali ko alwalar magariba ba a fara ba.

Daga ranar Likita ya fita daga bakin Baba. Da yake shi ma bai saba kama sunan ɗan fari ba, sai ya rasa abin da zai kira shi da shi, ya bi hanyar Inna, ya koma aikena. Saƙon farko da ya ba ni shi ne na tattabaru.

"Ke, ki ce masa tsuntsayen nan ne suka cinye masa kai. Kafin Juma'a kada in ga ko gashinsu a gidan nan."

Na isar da saƙon yadda aka ba ni shi, ban rage ko kalma ba. Har da ɗan daɗi a raina, Allah ya yafe mini, don yau ga na ɗaya shi ma an taɓa shi. Yaya ya zuba su a kwando ya kai kasuwa. Amma tattabara ba ta manta gida. Bayan kwana biyu sai ga guda huɗu sun dawo sun sauka a kan katanga. Ina kallo Yaya ya tsinci tsakuwa ya kore su da hannunsa, sannan ya nemo tsummokara ya toshe bakin gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya. Bai yi kuka ba. Ya wanke hannu ya shige ɗaki.

Sauran hutun a ɗaki ya yi shi, littafi a kan cinya tun safe har yamma. Ya daina zuwa ƙwallo, abokansa suka gaji da sallama. Matan unguwa in sun shigo sai su ce, "Kai, Allah ya ba ki yaro mai natsuwa, kamar ba ya gidan." Su koma gida su yi wa nasu 'ya'yan gori da shi. Ni da nake kai masa abinci na san shafi ɗaya ne a buɗe, mai hoton ƙashin hannun mutum, kuma ya fi mako bai juya shi ba.

Sai kwano ya fara dawowa da tsokar a ciki. Ranar farko na ga Inna ta ɗaga murfi ta tsaya tana kallonta, ta daɗe. Na tabbata ta gane akwai abin da ke faruwa, ta riga kowa ganewa. Amma abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ki tambaye shi ko gishiri ne ya yi yawa." Na je na tambaya. Ya ce, "Ki ce mata ya yi daidai."

Sau ɗaya ya gwada gaya wa wani, kuma ni ya zaɓa, don babu wani. Na shiga ɗauko kwano ya ce, "Ke, in kin kwanta kina yin barci?"

Na ce, "Har da minshari."

"Ni kaina ba ya yin shiru. In na kalli littafi ina ganin rubutun, amma kamar ana zuba ruwa a rariya. Sai in ji ƙirjina ya yi nauyi kamar zan mutu. Ina tsoron komawa, ina tsoron zama."

Shekarata sha uku. Na ce, "To ka yi ta addu'a mana." Sannan na tambaye shi ko zan iya cinye naman, tunda ba ya so.

Hutu na biyu ya dawo wuyansa ya yi tsawo, rigar makaranta tana yawo a jikinsa. Lambar ta koma ashirin da bakwai. A ƙasan katin akwai dogon rubutu da jan biro, wanda ba a saba gani ba, kuma jan nan ya tsaya masa a ido. Ya miƙo mini.

"Karanta mini wannan."

Malamin ajinsu ne ya rubuta, da Turanci. Na karanta a zuciyata sau biyu kuma na gane sarai. Ya ce yaron nan ba shi da lafiya a ransa, ba ya ci, ba ya shiga cikin yara, an sha samunsa yana kuka shi kaɗai a bayan aji. Ya roƙi mahaifinsa ya zo makaranta su gana kafin a koma.

Na ɗago kai. Yaya yana durƙushe a gefe yana kallona, ya ɗan girgiza kai, kaɗan, yadda ni kaɗai zan gani. Na dubi Baba, mutumin da ya zaga kasuwa shekara tara da katin ɗansa a aljihu, na rasa ta inda zan fara gaya masa cewa ɗan nan nasa, saurayi, yana kuka a gaban mutane.

Na ce, "Wai ya ƙara ƙoƙari."

"Duk wannan dogon rubutun?"

"Turanci ne, Baba. Haka yake da tsawo."

Baba ya gyaɗa kai ya ce, "To ki gaya masa ya ji abin da malaminsa ya ce."

Na sha gaya wa kaina cewa yarinya ce ni, kuma shi ya roƙe ni da ido. Duk gaskiya ne. Amma sau ɗaya tak wani ya aiko da maganar da za ta ceci yayana, ta biyo ta bakina kamar yadda kowace magana take biyowa a gidan, ni kuma na haɗiye ta. Har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni, kuma haushin da nake ji ban san ko na kaina ne ya fi yawa ko na gidan da ya ɗora wa 'yar shekara sha uku wannan aikin ba.

Bai kai ƙarshen zangon karatu na uku ba. Wata ranar Talata da hantsi motar haya ta tsaya a ƙofar gida, wani dogon mutum siriri ya fito riƙe da akwatin ƙarfen Yaya, Yaya yana biye da shi kamar wanda aka tasa daga barci. Malamin nan ne mai jan biro. Aka aika kasuwa aka kira Baba, aka ce in kai wa baƙo ruwa zaure, don haka a kunnena aka yi.

Malamin ya ce an shiga gwaji, Yaya ya rubuta sunansa a saman takarda, bai ƙara ko ɗigo ba. Aka karɓi takardu kowa ya fita, shi yana zaune, sai da aka ɗaga shi. Ya ce, "Alhaji, ai na rubuta muku tun wancan hutun, na roƙa ku zo. Da aka ji shiru na zaci ko kun kai shi asibiti ne."

Baba ya juyo ya dube ni. Na ajiye kofin a ƙasa. Na jira mari, na jira zagi, wallahi da na samu da na ji sauƙi. Bai ce mini komai ba, ranar ko bayanta.

Malamin ya ba da shawara a kai shi Katsina wurin likitocin da ke duba damuwa da ciwon ƙwaƙwalwa. Nan fuskar Baba ta canja.

"Malam, na gode da ɗawainiya. Amma ɗana ba mahaukaci ba ne."

Baba ya yi tunaninsa ya gano inda ya yi kuskure, sai dai ba wurin ba ne. Ya ce laifinsa ne da ya riƙa yawo da katin yaro a kasuwa, baki ne ya kama shi, ko kuma wani mai hassada ya yi masa aiki. Daga nan gidanmu ya koma warin hayaƙin magani. Aka yi ta kawo rubutu a kwalba, aka yi ta turare, aka yi sadakar waina ranar Juma'a. Baba ya daina gaisawa da dillalai biyu da ya yi shekara ashirin yana cin abinci da su. Ya rame shi ma, don yana son ɗansa, wannan ban taɓa shakka ba. Duk ƙauyen da aka ce akwai mai magani sai ya hau babur ya je. Ɗakin Yaya ne kawai bai shiga ba, kuma taku goma ne daga zaure.

Wanda ya tsayar da abin wani tsohon malami ne da aka ɗauko ya yi masa addu'a. Ya shiga ɗakin ya daɗe, ba mu ji karatu da ƙarfi ba, sai ƙus-ƙus. Da ya fito ya ce da Baba, "Alhaji, na yi masa addu'a kuma zan ci gaba. Amma yaron nan babu iska a jikinsa, babu sammu. Baƙin ciki ne ya yi masa yawa. Ku kai shi asibiti, kuma ku riƙa yi masa magana."

An kai shi, bayan wata biyu da dawowarsa. Aka ba shi ƙwayoyi, ya fara barci, ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan. Likitan ma abin da ya ce ke nan, a zauna da shi, a yi hira da shi. Baba ya gwada. Yakan tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya yi gyaran murya ya ce, "Yau raguna sun yi tsada," ya jira, sannan ya juya. Iyakar abin da ya iya ke nan.

Yaya yana nan da ransa, kada a tsorata. Bai koma makaranta ba. Yana kiwon kaji a bayan gida, yana da ranakun da zai yi ta hira har da tsokanata, yana da makonnin da ba ya fitowa. Tattabara kuwa bai sake ajiyewa ba, ko da Baba da kansa ya sayo masa guda biyu.

Abin da na fi tunawa ya faru ne da damina, ba a daɗe da fara zuwa asibiti ba. Da safe ne, an yi ruwa an ɗauke. Yaya ya fito yana zaune a kan turmi a gindin katangar nan, ya ba mu baya, yana kallon gwangwanayen da tsummokaransu suka jiƙe. Inna ta dama kunu ta zuba a kofi ta miƙo mini.

"Ke, ki ce wa wancan ya sha tun da zafi."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Na maida hannuwana baya na ce, "Ba zan faɗa ba."

"Me kika ce?"

"Inna, ga shi nan. Ɗanki ne. Ni na gaji, kuma kin ga abin da aikena ya jawo. Likita ya ce ku yi masa magana, ba ni ya ce ba. Ki kira shi da kanki."

Ban taɓa yi mata magana haka ba. Na zaci za ta jefe ni da ludayi. Sai ta tsaya da kofin a hannu, ta waiga ƙofar zaure ta ga babu kowa, ta waiga ɗakinta. Ta taka ɗaya, ta taka biyu. Na ga leɓenta yana motsi babu sauti, kamar mai gwada takalmin da ba nata ba. Sannan ta faɗe shi. Sunan da ta yi shekara sha bakwai tana kewaye shi ya fito daga bakinta a hankali.

Yaya bai motsa ba.

Ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi. Wannan karon ya ji. Ya ɗago kai, amma ba ita ya duba ba. Ƙofar zaure ya juya ya kalla, ya daɗe yana jira, sannan ya dube ni.

"Ke," in ji shi, "wa ya zo nemana? Ki ce ba na nan."

Inna ta tsaya a bayansa, kusa da shi har inuwarta tana kan kafaɗarsa. Ta juyo ta sa mini kofin a hannu, kunun ya zuba mini a yatsu.

"Ki ba shi," ta ce, ta shige ɗaki. Ban sake jin sunan a bakinta ba.